Tafkin dam

Tafkin dam ruwa ne da ke taruwa idan an datse kogi da katafaren bango na kankare ko na ƙasa da duwatsu, har ya cika kwarin da ke bayansa. Galibi ana gina shi don hana ambaliya, samar da wutar lantarki da kuma ban ruwa, shaƙatawa kuwa daga baya take biyowa.

Idan kogi ya kawo, tafkin yana shanye ruwan, sai a riƙa buɗe ƙofofi ana sakinsa kaɗan-kaɗan yadda garuruwan da ke ƙasa za su iya ɗauka. Wajen samar da wuta, ruwan yana gangarowa ta manyan bututu ya juya injin turbin, shi kuma ya juya janareta. Gwargwadon yawan ruwan da tsayin da ya faɗo, gwargwadon wutar da za a samu. Madatsar Three Gorges da ke kan kogin Yangtze a Sin tana da ƙarfin megawat 22,500.

Wahalar aikin ita ce waɗannan buƙatu ba sa jituwa. Mai tsoron ambaliya yana so a rage ruwa kafin damina don a bar wa sabon ruwa wuri. Mai samar da wuta so yake tafki ya kasance maƙil. Mai kwale-kwalen yawon buɗe ido kuma burinsa kada gaɓa ta ja baya ta bar shi cikin taɓo. Shi ya sa masu kula da dam suke aiki da jadawalin da ya ƙayyade tsayin ruwa a kowane wata, kuma kuskure kaɗan a nan yana iya jawo asarar rayuka. Fari ma yana ɓata lissafi: a 2022 ruwan tafkin Mead na Amurka ya ragu ƙwarai har farin zanen da ruwa ya bari ya fito fili a jikin duwatsu.

Akwai kuma waɗanda ruwa ya cinye musu gidaje da kaburburan kakanni, kuma bai kamata a manta da su ba. Madatsar Kariba, da aka kammala a 1959 kan kogin Zambezi, ta tayar da ’yan ƙabilar Tonga kusan 57,000. Tafkin Volta na Ghana ya raba wajen mutum 80,000 da muhallinsu. A Masar, madatsar Aswan ta tare laka mai albarka da kogin Nilu ya saba shimfiɗa wa gonaki, dole manoma suka koma dogaro da takin zamani.