Mene ne "mofik rezonans" da ake ta yawo da shi?

Kwanan nan masu koyar da "sirrin nasara" a TikTok da Facebook sun kama wannan kalma, kuma duk wanda ya kawo ta sai ya liƙa mata "kimiyya ta tabbatar". Ba ta tabbatar ba. Hasashe ne na Rupert Sheldrake, masanin halittu ɗan Ingila, a littafinsa na 1981. Ya ce kowane jinsi yana da wata ƙwaƙwalwa ta tarayya: abin da wasu suka saba da shi zai zo wa sauran 'yan jinsin da sauƙi ko'ina suke, ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa wannan da gado. Gado jini yake bi, daga iyaye zuwa 'ya'ya. Sheldrake kuwa cewa yake babu ruwan jini, kuma nan ne rigimar take.

A 1920 William McDougall, masanin halayyar ɗan Adam, ya fara sa ɓeraye cikin kwarmin ruwa a jami'ar Harvard. Ƙofa biyu ce, mai haske tana da wutar lantarki, mai duhu lafiya lau. Jikokin ɓerayen sun riƙa gane hanya da wuri fiye da kakanninsu, sai ya ce darasin ne suka gada. Wani masanin dabbobi mai suna Agar da abokan aikinsa suka maimaita gwajin a Melbourne ta ƙasar Ostireliya tsawon shekara 20, amma suka ware wata zuri'ar ɓeraye da ba a horar da iyayensu ba. Su ma waɗannan suka ƙware! Maganar gado ta rushe ke nan. Sheldrake ya ce ai hujjarsa ce, ilimin ya ratsa jinsin duka. Sai dai ƙwarewar ba ta ɗore ba, hawa da sauka ta yi ta yi, kuma masu gwajin sun danganta hakan da lafiyar ɓerayen. Masu bidiyo ba sa faɗin wannan ɓangaren, kuma ɓoye shi rashin adalci ne ga mai kallo.

Ban goyi bayan John Maddox, editan mujallar kimiyya ta Nature a lokacin, da ya tambaya ko littafin Sheldrake na ƙonawa ne ba. Tunani gwada shi ake yi. An kuwa gwada: Sheldrake da Steven Rose, masanin kimiyyar ƙwaƙwalwa, sun yi gwaji tare kan 'yan tsaki, Rose ya ce bai ga komai ba, Sheldrake ya ce ya gani.