Zuwa babban taron wasannin tebur karo na farko: amsoshin tambayoyin 'yan Zango

A majalisun ataya na Nima da Mamobi a Akra, ko na Aboabo da Asawase a Kumasi, ludu da karta da oware ba baƙi ba ne. Sai ga shi yanzu wasu samari sun ɗanɗana wasannin kwali na zamani irin su Catan, har suna tambayar yadda ake zuwa manyan tarukansu. Ga abin da suka fi tambaya.

Wane irin taro ne wannan da har mutum zai hau jirgi saboda wasa?

Kasuwa ce da filin wasa a haɗe. Kamfanoni kan baje sababbin wasanninsu, su jera tebura, su ajiye ma'aikatan da aikinsu kawai su koya maka. Mafi girma shi ne SPIEL na birnin Essen a Jamus, wanda aka fara a 1983. Ana yin sa a watan Oktoba, kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, kuma a 2023 an ƙirga shigar mutum 193,000. A Amurka akwai Gen Con, wanda Gary Gygax ya assasa a 1968, yanzu ana yin sa a Indiyanafolis. Ingila ma tana da UK Games Expo a Birmingham.

Da wanne zan fara?

In ka tambaye ni, fara da na kusa. Kamfanin NIBCARD yana shirya AB Con a Abuja, kuma ɗan Gana ba ya buƙatar biza zuwa Najeriya saboda yarjejeniyar ECOWAS. Bai kai na Turai girma ba, wannan kuwa alheri ne ga sabon shiga. In kuma aljihu ya yi nauyi, Essen ya fi Gen Con sauƙi ga baƙo: tikitin shiga ya wadatar, ka zauna duk teburin da ka samu gurbi. A Gen Con yawancin wasannin da aka tsara sai ka yi rajistar kowanne daban tun watanni kafin ranar.

Yaushe zan fara shiri?

Tun yanzu. In Essen ka nufa, bizar Shengen ta shiga Jamus ana iya nemanta wata shida kafin tafiya, kuma samun ranar ganawa a Akra ba abin da ake bari sai ƙurarren lokaci ba ne. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da shaidar masauki. Masaukin nan shi ne ƙashin bayan maganar, don otal-otal na Essen kan cika da wuri, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Da yawa kan sauka a garuruwan maƙwabta kamar Bochum ko Duisburg su riƙa shigowa ta jirgin ƙasa, daga babbar tashar Essen kuma layin U11 ya kai su ƙofar wurin. Tikitin shiga ka saye shi ta intanet kafin ka bar gida. A 2024 ƙarewa ya yi.

Ka tafi da rigar sanyi, amma mai sauƙin cirewa. Waje sanyi, ciki zafin jama'a.

To na shiga. Ina zan dosa?

A nan sabon zuwa ke ruɗewa. Ka tuna ranar da ka fara shiga kasuwar Kejetia ba tare da sanin layin da kake nema ba: haka zaurukan nan suke, ido ya ƙoshi, ƙafa ta gaji, ba ka yi komai ba. Ba za ka ga duka ba, kada ma ka sa wa ranka. Kafin ka taso, zaɓi wasanni biyar ko shida da kake son gwadawa, ka rubuta lambar zaure da ta rumfar kowanne a takarda, don cajin waya kan mutu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ka yi waɗannan da safe. Bayan azahar ka saki jiki ka yi yawo, duk inda ka ga kujera babu kowa ka tambaya ko za ka iya zama.

Zaman nan shi ne abin da ka biya kuɗin jirgi dominsa. Kwali kana iya yin odarsa daga Akra, amma zama da mutum uku daga ƙasashe uku, wani lokacin ma wanda ya ƙirƙiro wasan ne da kansa yake tsaye yana raba muku kati, wannan ba a aiko shi ta jirgi. Asabar ta fi kowace rana cunkoso, saboda haka abin da ya fi maka muhimmanci ka gama da shi Alhamis ko Juma'a. Takalmi kuwa, sa wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmin sallah ya zauna a gida.

Ban iya wasannin ba, ba zan ji kunya ba?

Sababbin wasanni ne, kusan kowa a teburin ranar ya fara ganinsu. Mai koyarwa zai yi bayani na minti goma ko sha biyar, yawanci da Ingilishi in ka nema. Abin da ake so gare ka kaɗan ne: ka saurara, kada ka daɗe kana tunani in zagaye ya zo kanka, kada ka ci abinci mai maiƙo ka taɓa katin mutane. Sau da yawa ba a bari a kai ƙarshen wasa saboda masu jira, in an ce a tashi ka yi godiya ka tashi. Ihu da buga tebur irin na masu ludun unguwa, rage shi kaɗan, ko da yake dariya ba a hana kowa ba.

Yaya batun saye?

Kada ka sayi abin da ba ka buga ba, sai in ka san shi tun a gida. Duba bayan kwalin ka tabbata bugun Ingilishi ne, don wasa mai rubutu a kati in ka kwaso na Jamusanci ka yi asara. Riƙe tsabar Yuro, ƙananan rumfuna ba duka ke karɓar kati ba, MoMo, wato biya ta waya, kuwa ba ta aiki a can. Ka tuna akwatin jirgi yawanci kilo 23 ne, kwalaye kuma suna da nauyi. Masu dabara kan buɗe kwali a otal, su ɓalle 'ya'yan wasan daga allunan takarda su zubar da ragowar, su cusa ƙaramin wasa cikin babba. Sannan ka yi tunanin waɗanda za ka buga da su in ka dawo: wasan da ke cin awa uku ba zai samu karɓuwa a majalisa ba, wanda ake gamawa kafin a sauke ataya ta biyu shi za a riƙa nema.

Sallah da abinci fa? Kuma Baba yana cewa caca ce.

Ka gaya wa Baba ba a zuba kuɗi a tebur, wanda ya ci ba ya karɓar ko sisi daga wanda aka cinye. Sallah kuwa, kai matafiyi ne, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi, ka sa ƙaramar darduma a jaka, ka tambayi ma'aikatan wurin inda babu hayaniya. Abincin cikin zaure tsada gare shi ga dogon layi, kuma naman alade ya yawaita a abincin Jamusawa, sai ka tambaya kafin ka saya. A cikin gari akwai shagunan Turkawa da yawa, wasu da alamar halal a ƙofa. Gorar ruwa da dabino ko gyaɗa a jaka za su riƙe ka zuwa yamma.