Tsadar Haya da Kuɗin Mota a Manyan Birane: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa haya take tsada haka a manyan birane?

Fili ne ke cin kuɗin. Ɗaki a tsakiyar Landan ko Hong Kong da ɗaki mai girmansa a ƙauye, kayan gininsu bai bambanta sosai ba, amma mai haya a birni yana biyan kusancinsa da wurin aiki, asibiti da makaranta. Ayyuka suna taruwa wuri guda, jama'a suna bin su, fili kuwa ba ya ƙaruwa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Ga dokokin da ke hana gina benaye a unguwanni da yawa, ga jinkirin samun izinin gini. Gidaje kaɗan, masu nema da yawa, sai mai gida ya yanka abin da ya ga dama.

To me zai hana mutum ya koma bayan gari inda haya ke da sauƙi?

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren lissafi. Abin da aka rage a haya, hanya ce take cinye shi. Mutum ya bar gida tun gari bai waye ba, ya canza mota biyu kafin ya isa wurin aiki, da yamma ya tsaya a layi, ya dawo ya tarar yara sun yi barci. Kuɗin mota ba ya zuwa a dunƙule kamar haya, kullum ake tsinkar sa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a jin zafinsa sai wata ya yi nisa. A Amurka ana ɗaukar iyalin da haya ke cin fiye da kashi 30 na kuɗin shigarsu a matsayin waɗanda nauyi ya yi wa yawa. A ganina ma'aunin bai cika ba muddin ba a haɗa da kuɗin zirga-zirga da awoyin da ake ɓatawa a hanya ba.

Gwamnati ba za ta ƙayyade haya kawai ba?

An gwada. Berlin, babban birnin Jamus, ta daskarar da haya (wato ta hana ƙara ta) a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021. Irin wannan doka tana taimakon wanda ya riga ya samu gida, amma ba ta ƙara ko ɗaki ɗaya ga mai nema.

Akwai inda aka shawo kan matsalar?

Akwai inda aka rage mata kaifi. Tun shekarun 1920 hukumar birnin Biyana ta Ostiriya take gina gidajen haya, yau tana da kimanin 220,000. Singafo ta kafa hukumar gidaje a 1960, kuma kusan kashi 80 na mazauna ƙasar a gidajen hukumar suke. Duka biyun sun yi shekaru suna gini ba tsayawa, kuma sun haɗa unguwannin da jiragen ƙasa da bas.

Faɗaɗa tituna fa?

Sauƙinsa na ɗan lokaci ne. An faɗaɗa babbar hanyar Katy a birnin Houston na Amurka a 2008, bayan 'yan shekaru cunkoso ya dawo, domin hanya ta buɗe sai kowa ya fito da motarsa. Biranen da suka ga canji wata hanya suka bi. Kuritiba ta Brazil ta ware wa bas layinta tun 1974, Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000. Landan ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota a 2003. Luksambag kuma ta mayar da sufurin jama'a kyauta a 2020, sai dai ƙasa ce ƙarama mai arziki, ba kowace gwamnati za ta iya ɗaukar wannan nauyin ba.