Waiwaye: yadda ruwan sukari ya shigo da ln cikin lissafin sinadarai

Duk ɗalibin kemistiri da ya kai darasin saurin sauyawar sinadarai sai ya ci karo da wannan ƙa'ida: ln(A₀/A) = kt. A₀ shi ne adadin sinadarin da aka fara da shi, A abin da ya saura, t lokaci, k kuma ma'aunin saurin sauyin. Ita kuwa ln wani nau'in logaridim ce, wato dabarar lissafi da ke mayar da ninki ya koma tarawa. Galibi haddace ta ake yi a wuce, alhali kuwa ba daga sama ta faɗo ba.

A 1850 wani Bajamushe, Ludwig Wilhelmy, ya narkar da sukarin rake a ruwa, ya zuba masa asid, ya sa ido. Ruwan sukari na karkatar da tataccen haske, wato hasken da aka tace har kaɗawarsa ta koma fuska ɗaya, zuwa dama. Yayin da asid ke farfasa shi zuwa gulukos da furuktos, wato wasu ƙananan nau'o'in sukari biyu, sai karkatar ta riƙa raguwa har ta koma hagu. Da na'urar auna wannan kusurwa ya riƙa sanin sukarin da ya rage, ba tare da ya taɓa ruwan ba. Ya tarar saurin farfashewar na tafiya ne daidai da yawan sukarin da ya saura: da farko kamar da bakin ƙwarya, daga baya sai tafiyar hawainiya. Kamar wanda ake bi bashi ne da ke biyan ushirin abin da ya rage kowane wata. Kuɗin da yake miƙawa kullum ƙanƙancewa suke yi.

Duk abin da ke raguwa ta wannan hanya yana bin lambar e ne, wato kusan 2.718, ln kuwa ita ke warware ta a fito da lokaci. John Napier ya fitar da logaridim tun 1614 don sauƙaƙa dogon ninki, ba don sinadarai ba.

Aikin Wilhelmy ya yi sama da shekara 30 babu mai waiwayarsa, sai da Wilhelm Ostwald ya tono shi. A 1884 Jacobus van 't Hoff na Holan ya tsara fannin gaba ɗaya.

Har yau wasu littattafai na rubuta 2.303 log a maimakon ln. Ragowar zamanin teburin logaridim ne, mai tushe 10, 2.303 ɗin ba komai ba ne illa ln 10. A ganina, tunda kalkuleta na da maɓallin ln, wahalar da ɗalibi da shi ba shi da amfani. Idan k ya zama 0.05 a minti, ana son sinadari ya koma kashi ɗaya cikin goma, sai a raba ln 10 da 0.05: minti 46.

Ƙa'idar ba ta tsaya kan sukari ba. A 1902 Ernest Rutherford da Frederick Soddy a Kanada suka nuna haka sinadarai masu fitar da tururin nukiliya ke raguwa. A kan wannan Willard Libby ya gina awon shekaru da kabon-14, wani nau'in kabon mai fitar da irin wannan tururi, wanda ke komawa rabi duk shekara 5,730. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe ta yanzu a 1987, aka samu ya kai kimanin shekara 8,000. Raba 0.693, wato ln 2, da 5,730 don samun k, ka ninka da 8,000, za ka samu kusan 0.97, wato kt, wanda shi ne ln(A₀/A). In aka warware ln ɗin, ke nan kimanin kashi 38 cikin 100 na kabon-14 ɗin itacen ne ya rage.