Wariyar jinsi a ƙwallon ƙafa ta mata

Wariyar jinsi a ƙwallon ƙafa ta mata ita ce bambancin da hukumomin wasanni, kafofin yaɗa labarai, kamfanonin talla da 'yan kallo ke nunawa tsakanin wasan mata da na maza saboda jinsin masu bugawa. Takan bayyana a dokoki, da kuɗin lada, da irin filin da ake ba 'yan wasa, da kalaman da ake bayyana su da su. Hujjar da aka fi kafawa wajen kare bambancin ita ce mutane ba sa son kallon wasan mata. Tarihi kuwa ya nuna cewa wasan ya tara dubban 'yan kallo tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, kafin hukumomi su rufe masa ƙofa da hannunsu.

Farkon wasan

Akwai rahotannin wasannin mata a Scotland da Ingila tun wajajen 1881. Wanda aka fi ambata shi ne na watan Maris 1895 a arewacin Landan, wanda wata mata da aka sani da suna Nettie Honeyball ta shirya, inda aka ƙiyasta 'yan kallo sun kai 10,000. Yawancin jaridun lokacin sun fi ba da ƙarfi kan wandunan da matan suka sa fiye da yadda suka taka leda. Wannan ɗabi'a ta daɗe ba ta gushe ba.

Wasan ya bunƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Maza sun tafi fagen daga, mata suka shiga masana'antun harhaɗa makamai, a can suka kafa ƙungiyoyi suna buga wasa don tara wa sojojin da suka jikkata kuɗi. Mafi shahara a cikinsu ita ce Dick, Kerr Ladies ta garin Preston. Ranar 26 ga Disamba 1920 ta kara da St Helens a filin Goodison Park na Liverpool, mutum kimanin 53,000 suka shiga, wasu dubbai suka rasa wuri suka tsaya a waje. Dick, Kerr ta ci 4 da nema. 'Yar wasanta Lily Parr, wadda ta fara tana 'yar shekara 14 ko 15, ana cewa ta zura ƙwallo fiye da 900 kafin ta ajiye takalmi, ko da yake alƙaluman wancan zamani ba su da cikakken tabbaci.

Shekarun haramci

Ƙasa da shekara guda bayan wasan Goodison, ranar 5 ga Disamba 1921, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta. Ta ce ƙwallo sam ba ta dace da mata ba kuma bai kamata a ƙarfafa musu gwiwa ba, ta kuma yi zargin cewa ba duk kuɗin da ake tarawa ke isa ga mabuƙata ba. Masana tarihi da dama na ganin cewa farin jinin wasan da kuɗin da yake tarawa ba tare da ikon hukumar ba ne suka tayar mata da hankali. A lokacin ana da ƙungiyoyin mata kusan 150 a ƙasar. Wasan ya koma filayen unguwa da na makarantu, babu rijistattun alƙalai, babu wurin zaman 'yan kallo, babu kuɗin ƙofa na kirki. An janye haramcin a tsakanin 1970 da 1971. Wato shekara hamsin ke nan, kuma su ne shekarun da ƙwallon maza ta samu rediyo, ta samu talabijin, ta gina manyan filaye da makarantun horar da yara.

A Brazil doka ce ta ƙasa. A 1941 gwamnatin Getúlio Vargas ta fitar da dokar da ta hana mata wasannin da aka ce sun saɓa wa halittarsu. A 1965 gwamnatin soja ta ambaci ƙwallon ƙafa ƙarara cikin jerin. Sai a 1979 aka soke, a 1983 aka tsara wa wasan ƙa'idoji. Ƙasar da ta lashe kofin duniya na maza sau uku a cikin waɗannan shekaru ita ce ta haramta wa 'ya'yanta mata taɓa ƙwallo.

Hukumar Jamus ta Yamma ta yi nata haramcin daga 1955 zuwa 1970, bisa dalilin cewa wasan na zubar da kamalar mace yana kuma cutar da jikinta. Da aka buɗe ƙofa, sai aka gindaya sharuɗɗa: minti 30 kowane zubi, ƙaramar ƙwallo, takalmi marar ƙusoshi. A 1989 matan Jamus suka lashe kofin Turai. Ladan da hukumar ta ba kowace 'yar wasa shi ne saitin kofuna da farantan shan kofi. Har yau Jamusawa na kafa misali da wannan kyauta idan ana zancen raina ƙoƙarin mata.

Daga Meziko zuwa Sin

A 1971 an yi gasar duniya ta mata a Meziko ba da amincewar FIFA ba. Denmark ta doke mai masaukin baƙi 3 da nema a filin Azteca, kuma yarinya 'yar shekara 15, Susanne Augustesen, ce ta ci duka ukun. Ana ƙiyasta 'yan kallo sun haura 100,000. Masu shirya gasar sun shafa wa sandunan raga fenti ruwan hoda da fari, an kuma tallata ta da kyan 'yan wasa. Bayan nan aka yi shekaru ba a ko ambaton gasar.

FIFA ta shirya tata ta farko a Sin a 1991, shekara 61 bayan ta maza ta farko. Ba ta yarda a kira ta Kofin Duniya kai tsaye ba, sai aka laƙa mata dogon suna haɗe da na alewar M&M's mai ɗaukar nauyi. Kowane wasa minti 80 aka buga maimakon 90. Amurka ta doke Norway 2 da 1 a wasan ƙarshe. Najeriya ce ta wakilci Afirka. Wasan mata ya shiga gasar Olamfik a 1996.

Yadda ake nuna wasan

Bambancin yana farawa daga suna. Gasar maza ita ce Kofin Duniya kawai, ta mata sai an ƙara mata "na mata". Haka yake a Hausa: idan aka ce za a je kallon ƙwallo, kowa ya san ta maza ake nufi. A allon da masu gidajen kallo ke rubuta wasannin ranar da alli, da wuya a ga wasan mata sai in Najeriya ta kai wani babban zagaye, kuma da wuya a ga mace a kan bencinan ciki.

Wannan ɗabi'a na shafar yadda ake kirga bajinta. A 2021 da Cristiano Ronaldo ya wuce Ali Daei na Iran, kanun labarai da yawa sun kira shi wanda ya fi kowa ci wa ƙasarsa ƙwallo a tarihi, alhali Christine Sinclair ta Kanada na da fiye da 180 a lokacin, ta kuma yi ritaya da 190. A 2019 Marta ta Brazil ta kai ƙwallo 17 a gasannin kofin duniya, ta wuce 16 na Miroslav Klose.

Sai kuma mayar da hankali kan jiki da matsayin iyali. A 2004 shugaban FIFA Sepp Blatter ya ba da shawarar mata su riƙa sa matsattsun gajerun wanduna don jawo 'yan kallo. A 2015, da tawagar Ingila ta dawo da lambar tagulla daga Kanada, hukumar ƙasar ta wallafa saƙon cewa 'yan wasan za su koma matsayinsu na iyaye da matan gida da 'ya'ya, ta goge shi bayan an yi mata ca. A Disamba 2018 Ada Hegerberg ta Norway ta zama mace ta farko da ta karɓi Ballon d'Or. A kan dandamali, tana riƙe da kyautar, mai kiɗan bikin ya tambaye ta ko ta iya rawar girgiza ƙugu. Ta ce a'a, ta juya. Ya nemi gafara daga baya. Ranar 20 ga Agusta 2023 a Sydney, shugaban hukumar Sifaniya Luis Rubiales ya sumbaci Jenni Hermoso a baki lokacin ba da lambobi, ta ce ba da yardarta ba. Ya yi murabus a Satumba, FIFA ta dakatar da shi shekara uku, a Fabrairu 2025 kotu ta same shi da laifi ta ci shi tara. Abin takaici a nan shi ne labarin ya danne na kofin duniya na farko da matan Sifaniya suka ɗauka.

Wani dogon bincike da Cheryl Cooky da Michael Messner suka jagoranta a Amurka ya gano cewa a 2019 wasannin mata gaba ɗaya sun samu kimanin kashi 5 cikin ɗari na lokacin labaran wasanni a tashoshin da suka duba. A 2023 kamfanin Orange na Faransa ya fitar da tallar da ta nuna Mbappé da Griezmann suna yanka da zura ƙwallaye, sannan aka bayyana cewa 'yan wasan mata ne aka ɗora musu fuskokin maza da kwamfuta. Masu sukar wasan mata kan kawo batun gudu da ƙarfi da masu tsaron raga. Masu kare shi na cewa bambancin halitta bai hana a girmama tseren mata ko tanis ɗinsu ba.

'Yan kallo dai na zuwa idan aka buɗe musu babban fili: 90,185 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1999 a Amurka, 91,648 a Camp Nou a Afrilu 2022, 87,192 a Wembley a Yulin shekarar.

Kuɗi da fili

Ladan gasar kofin duniya ta maza ta 2018 dala miliyan 400 ne, ta mata ta 2019 miliyan 30. A 2022 maza sun raba miliyan 440, a 2023 mata miliyan 110. Gasar 2015 an buga ta a kan ciyawar roba, abin da ba a taɓa yi wa maza ba. 'Yan wasa sun kai ƙara, suka janye kafin a fara. Norway ta daidaita kuɗin tawagoginta biyu a 2017. Matan Amurka sun maka hukumarsu a kotu a 2019, aka sasanta kan dala miliyan 24 a 2022. Ana ci gaba da jayayya kan ko lada ya bi kuɗin shiga ko kuwa zuba jari ne ke kawo kuɗin shigar.

Sutura da gwajin jinsi

An hana sa hijabi a filin wasa daga 2007. A 2011 aka hana tawagar Iran buga wasan neman gurbin Olamfik da Jordan saboda shi. An halatta shi gaba ɗaya a 2014, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ce ta fara sa shi a kofin duniya, a 2023. Hukumar Faransa ta riƙe nata haramcin, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta goya mata baya a 2023. Batun gwajin jinsi ya taɓa Genoveva Añonma ta Equatorial Guinea da Barbra Banda ta Zambiya, kuma har yanzu ana taƙaddama a kai.

Najeriya

Super Falcons, tawagar matan Najeriya, ba su taɓa rasa gasar kofin duniya ba tun 1991, sun kai zagayen kwata fainal a 1999 inda Brazil ta fitar da su da ci 4 da 3. Sun ɗauki kofin Afirka sau goma bisa lissafin hukumar ƙwallon Afirka CAF, Super Eagles kuwa sau uku. Perpetua Nkwocha ta zama gwarzuwar Afirka sau huɗu, Asisat Oshoala sau shida.

Duk da haka tarihin tawagar cike yake da zaman dirshan. A 2004 sun ƙi barin otal a Afirka ta Kudu bayan sun ci kofi. A Disamba 2016, bayan doke Kamaru a Yaounde, suka zauna a wani otal a Abuja kusan mako biyu, suka ƙi miƙa kofin, daga baya suka yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Tarayya ɗauke da kwalaye suna neman alawus ɗinsu. Sun sake zama a Faransa a 2019, sun kuma ƙaurace wa atisaye a Maroko a 2022. Tawagar maza ma ta sha rikicin alawus, sai dai kuɗin da ake rikicin a kai ba ɗaya ba ne. A Yuli 2025 suka farke ci biyu suka doke Maroko 3 da 2 a Rabat. Ladan CAF dala miliyan ɗaya ne, Ivory Coast kuwa ta karɓi miliyan 7 da ta lashe na maza a 2024. Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa.

Manyan ƙungiyoyin gasar cikin gida sun fi yawa a kudu, kamar Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens. A arewa akwai Nasarawa Amazons da Adamawa Queens. A 2000 an ba da rahoton cewa gwamnatin Zamfara ta hana wasan mata. A garuruwa da dama yarinya kan daina buga ƙwallo da zarar ta fara girma, saboda batun sutura da cuɗanya da maza da kuma tsoron abin da za a faɗa a kanta lokacin neman aure.

Alƙalanci

Alƙalai mata ma sun shiga manyan gasannin maza: Salima Mukansanga ta Rwanda ta busa wasan maza a kofin Afirka a Janairu 2022, Stéphanie Frappart ta Faransa kuma ta busa na Jamus da Costa Rica a kofin duniya ranar 1 ga Disamba 2022.