Waiwaye: Daga ina cefane da man fetur ɗin Zariya suke fitowa?

Wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari da kwandon cefane, ya biya ta gidan mai a hanyar komawa, kuɗin hanya ya biya sau biyu ko bai sani ba. Tarihin abin ya faro ne daga layin dogo. A 1911 jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano, Sabon Gari kuma ta tashi a gefen tasha. Auduga da gyaɗa da fata suka riƙa gangarawa teku, gishiri da kananzir da atamfa suna haurowa, goro da manja kuma daga kurmi. Hatsi kuwa na gida ne: dawa da gero daga karkarar Zazzau, daga baya masara ta mamaye gonaki da taimakon irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa.

Da jirgi ya ja baya, tirela ta gaji aikinsa, kuma tun daga nan farashin tiya ya ɗaure da farashin man gas.

Shi fetur ya taɓa zama kusa da mu. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, ɗanyen mai yana zuwa mata ta bututu daga yankin Warri, tataccen kuma ana turo shi ta wani bututun zuwa Zariya, inda yake rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kano, ɗaya Gusau. A da akwai kuma asusun daidaita farashi da aka kafa a 1975, wanda ya riƙa biyan kuɗin dakon tanka don lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Arewa. Fasa bututu da rashin gyara suka durƙusar da matatar, aka koma shigo da mai daga waje ana lodinsa a Legas da Warri. Tankar lita 33,000 ko 45,000 sai ta ci kusan kilomita 900 daga Legas kafin ta sauke a Kwangilar Zariya, kuma gada ɗaya in ta karye a hanya, kwana kaɗan za a ga layi da jarkokin 'yan bumburutu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, farashin bai-ɗaya kuma ya kau. Matatar Dangote ta fara ba da fetur a Satumban 2024, amma tana Lekki a Legas, nisan bai ragu ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne ko kayan gida bai tsira ba. Tumatur da attarugun fadamar Galma da injin ban-ruwa ake noma su, injin kuma fetur yake sha. Masarar Giwa, Soba da Saminaka tana bukatar taki da mota. Raken Maƙarfi ma haka. Kuma dillalin da ke lodi zuwa Legas a kasuwa ɗaya yake ciniki da mai sayen tiya biyu, don haka farashin can ne ke jan na nan. A 2016 tsutsar tumatur ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, gidaje da yawa suka koma tumatirin gwangwani, wanda galibin markaɗensa daga Sin ake kawo shi.

Shinkafa ce ta fi sauya fuska. Babban Banki ya hana masu shigo da ita dala a 2015, aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, injinan casa suka yawaita a Kano da Kebbi. Yanzu rubutun buhu ba shaida ba ne, ana zuba 'yar gida a buhun 'yar waje. A ɗebi tafi guda a duba tsakuwa da yawan karyayya. Burodi da taliya kuwa alkamarsu mafi yawa ta jirgin ruwa take zuwa, sukari ma ɗanyensa daga Brazil, shi ya sa su dala suke bi, ba damina ba.

Na gida yana da lokacinsa. Masara da dawa sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Buhu tiya 40 ne, a sa a auna a gaban mutum, a ciji ƙwaya, in ba ta ƙaras ba akwai sauran danshi, za ta yi fumfuna. Wake sai a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace daban, in ba haka ba ƙwari su gama da shi kafin bazara. Tumatur yana zubewa daga Janairu zuwa Maris, lokacin yanka shi a shanya kauɗa ke nan, don daga Mayu sai ya yi wuya. A gidan mai kuma, a tabbata mita ta koma sifili kafin a fara zubawa, in ana shakkar famfo a gwada shi da jarka mai lita 10.