Waiwaye: Yadda garin fure ya zama mabuɗin lemu marar ƙwallo

Wanda ya sayi tanjarin ɗin Binuwai a kasuwar Zuba ko a Farin Gada ya san zai sha tofar da ƙwallo. Amma ɗan ƙaramin tanjarin da ake shigowa da shi, wanda ake jerawa a manyan kantunan Wuse, sai mutum ya cinye bai ci karo da ko ɗaya ba. Wasu na cewa allura ake yi masa. Ba allura ba ce. Maganar tana cikin fure, a cikin rawayan garin nan da ke manne wa ƙudan zuma a ƙafa.

Sharaɗi biyu ne ke kawo lemu marar ƙwallo. Dole itacen ya iya riƙe ɗa ya girmar da shi ko ba a yi barbara ba, wanda ba kowane irin lemu ke da wannan hali ba. Sannan dole barbarar ta kasa yiwuwa, ko ta yiwu amma ƙwayar ta lalace tun tana ƙarama. Idan aka sami na biyu babu na farko, furen zai kakkaɓe ne kawai, mai lambu ya tashi da ganye.

Da farko dace ne kawai. Lemu mai cibiya ya bayyana a Bahia ta ƙasar Brazil, reshe guda ne ya sauya hali a kan itace. A 1870 aka kai shi Ma'aikatar Gona ta Amurka a birnin Washington, inda ya samo sunansa na Washington navel, a 1873 kuma aka aika wa Eliza Tibbets da ke Riverside a Kalifoniya, kuma daga itatuwanta noman ya bazu. Duk wanda ya buɗe furensa zai ga jakunkunan garin fari-fari ne, babu gari a ciki. Da ido, wato tohon reshe, ake yaɗa shi, a aura shi a kan wani gindi, tunda ba shi da irin shukawa. Haka satsuma, wani tanjarin na Japan: garinta kaɗan ne, yawancinsa kuma matacce.

Kilemantin, wani irin tanjarin da aka gano a Misserghin kusa da Oran a Aljeriya wajen 1902, labarinsa daban ne, kuma nan ne manoma suka fi ruɗewa. Garinsa lafiya lau yake. Macen furen ce ba ta karɓar garin jinsinta: ƙwayar gari ta sauka ta fid da siririn bututu, sai a tsayar da shi a wuyan furen kafin ya kai mahaifa. Muddin gonar kilemantin ce zalla, babu ƙwallo. Da zarar ƙudan zuma ya kwaso gari daga wani tanjarin na maƙwabta, sai 'ya'yan su cika da ƙwallo, farashi ya faɗi. Wannan ne ya haɗa masu lemu da masu kiwon zuma faɗa a yankin Balensiya na Sifen tun shekarun 1990, har hukuma ta riƙa tilasta nisanta amya daga gonaki lokacin fure. A Kalifoniya ma an yi irin wannan rikici, manoma suka koma lulluɓe layukan itatuwa da raga. Sai a 2020 masana a Jami'ar Noma ta Huazhong da ke Sin suka bayyana sinadarin da macen furen lemu ke amfani da shi wajen gane garin jinsinta ta kashe bututunsa.

Daga nan masu ƙirƙirar iri suka fahimci cewa bai isa itace ya ƙi garin kansa ba. Ana son wanda ba ya ɗaukar ƙwallo ko an kawo masa garin waje, wanda kuma nasa garin ba zai ɓata gonar maƙwabci ba. Don cimma haka sai an san yadda garin ke samuwa.

Kowace jakar gari tana da ɗakuna 4. A cikin kowane ɗaki akwai ƙwayoyin da za a kira iyayen gari, kewaye da wata shimfiɗa mai suna tafetum, wadda aikinta ciyarwa ne. Lemu na yau da kullum yana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta) 18, wato tara-tara gida biyu. Uwar gari tana rabuwa sau biyu ta ba da 'ya'ya 4, kowanne da kuromosom 9, a ɗaure cikin wani kauri mai kama da danƙo. Tafetum ce ke sakin sinadarin da ke narkar da wannan ɗauri, ita ce ke ba su kayan gina taurin bayansu, sannan ita kanta ta mutu ta bar musu abin da ke cikinta. Lokacin mutuwarta shi ne komai. Ta riga lokaci, 'ya'yan su mutu da yunwa. Ta makara, su fito a motse babu abinci a ciki. A lemu mai cibiya iyayen garin ne ke lalacewa tun da wuri. A satsuma kuwa matsalar tana da tushe a maitokondiriya, ɗakunan wutar ƙwayar halitta, waɗanda ake gada ta wajen uwa kaɗai.

Hanya ta farko ita ce wannan gado na uwa, wanda Japanawa suka ci moriyarsa. A 1949 suka yi wa satsuma barbara da garin lemon zaƙi mai suna Trovita, aka sami Kiyomi, wadda aka fitar a 1979. Kiyomi ta gaji mataccen gari, kuma ƙwallonta tsiro ɗaya yake bayarwa. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne: yawancin lemu ƙwallo ɗaya kan fid da tsiro da dama, mafi yawansu kwafin uwa ne, su danne ɗan barbarar da ake nema. Shi ya sa Kiyomi ta zama uwar iri masu yawa, ciki har da Shiranui na 1972.

Hanya ta biyu ita ce rikita lissafin kuromosom. Lemon tsamin Tahiti yana da 27, gida uku, kuma uku ba ya rabuwa biyu daidai, don haka garinsa da ƙwansa yawanci ba sa rayuwa. Masana sun kwaikwayi wannan da gangan: a haɗa mai 18 da mai 36, a sami mai 27. Haka Robert Soost da James Cameron suka yi a Riverside a 1958, aka sami Oroblanco, wanda bai fito ga manoma ba sai wajen 1980. Dubi tazarar. Itacen da aka shuka daga ƙwallo yakan yi shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara fure. Ga kuma wata wahalar: ƙwallon irin wannan haɗi yakan fito a shanye, sai an ciro ɗan tsiron an rene shi a kwalba kan abincin roba. Mai 36 ɗin ma sai an nemo shi cikin tsirrai ko an samar da shi da sinadarin kolcisin. Cibiyar binciken noma ta Balensiya ma ta fitar da tanjarin masu kuromosom 27, wato Garbí da Safor.

Hanya ta uku ta fi sauri, ta kuma fi kama da caca. A yanko sandunan ido daga irin da aka riga aka yarda da daɗinsa, a haska su da hasken gamma, yawanci ma'aunin girei 30 zuwa 50, a aura su, a jira. Hasken yana kakkarya kuromosom su haɗe a karkace, rabon ya ƙi daidaita, gari ya mutu. Tango, wanda Jami'ar Kalifoniya ta fitar a 2006, daga tanjarin W. Murcott aka samo shi ta haka, kamar yadda Isra'ila ta samo Orri daga Orah. Illar ita ce reshe na iya zama gauraye, wani sashe ya canza wani bai canza ba, daga baya ƙwallo ya dawo. Sai an yi ta sake aurawa ana dubawa shekara da shekaru, kuma a gonar da aka cakuɗa iri da gangan, don a tabbatar ba keɓewa ce ta ɓoye ƙwallon ba. Cibiyar kimiyya ta Sheda da ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja tana da na'urar hasken gamma. Abin da irin wannan aiki ya fi ci shi ne fili da shekarun bibiya.

Gwajin gari kuwa ba ya bukatar manyan kaya. A tsinko fure yana dab da buɗewa, a cire jakunkunan a shanya su a faranti kan busasshen silika na kwana guda har su fashe. A ɗiga rinin asitokamin kashi 1 cikin 100 a duba a madubin hangen ƙananan halittu: cikakke ya yi ja ya yi kumbo, matacce ya motse ya ƙi shan rini. Sai dai rini yana yawan yi wa gari alfarma, domin ƙwaya na iya shan launi ta kasa tsira. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne a barbaɗa garin kan aga (wani abu mai daskarewa kamar kamu) kashi 1 da sukari kashi 10 zuwa 15 da ɗan sinadarin boron, a ajiye a zafin digiri 25 na awa 24, a ƙirga waɗanda bututunsu ya fi faɗin ƙwayar tsawo. Sukari ya yi ƙasa sosai, bututun ya fashe. Faranti ya bushe, a ɗora wa garin laifin da ba nasa ba. Garin da za a adana a sa shi a busasshiyar kwalba a firiza, don laima ce ke kashe shi.

Zafi da sanyi a makonnin da toho ke girma suna taɓa rabon kuromosom da aikin tafetum, shi ya sa sakamakon Japan ko Sifen ba ya zama hujja a nan. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, darenta da sanyi, Gwagwalada kuwa tana ƙuna a watan Maris, dab da lokacin da ruwan farko ke tayar da fure. Iri ɗaya na bukatar gwaji a wuraren biyu.

Mai lambun da aka kawo wa dashe aka ce marar ƙwallo ne, ya tambayi wane irin rashin ƙwallo ne. In mai cibiya ne, satsuma ko lemon tsamin Tahiti, maƙwabtaka ba za ta dame shi sosai ba, ko da yake mai cibiya bai cika riƙe 'ya'ya a wuri mai tsananin zafi ba. In kilemantin ne, a lambun da tanjarin da lemon zaƙi da amya ke gefe guda kamar yadda aka saba a nan, ƙwallo zai fito. In kuma ya keɓe shi, 'ya'yan na iya zubewa da yawa, sai ya taimaka musu da feshin jibarelin, sinadarin girman tsiro, kimanin miligiram 10 a lita guda, lokacin da furanni ke kakkaɓewa, ko ya zagaye manyan rassa da siririn yanka a ɓawo, ba tare da wuƙar ta shiga itacen ba.